Rustica Balisi da Tsutsar Kara

Duk baƙon da ya sauka a ƙauyenmu Dammang ya tambayi gidan Rustica Balisi, ba a wahalar yi masa kwatance. Cewa ake yi ya tsaya ya kasa kunne, inda ya ji murya ta danne ta kowa, to nan ne. Gajeriya ce, kakkaura, kullum da naɗin taba mai kaurin babban yatsa a gefen bakinta, ko da wuta ko babu. Ni Florencia ƙanwar mijinta ce, kuma na yi shekara goma sha ɗaya ina bin ta gonakin mutane kafin abin da zan ba ku labari ya faru.

Mu tara ne, duk mata, ita ce shugabarmu. Aikinmu zuba wa masara guba. Idan masara ta kai gwiwa, wani ɗan ƙwaro mai fiffike ruwan ƙasa yakan zo ya jera ƙwai a bayan ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta gangara ta huda kara ta shige, ta yi ta ci daga ciki. Ka ga gona kore shar, iska kaɗan ta taso, rabin karan ya karye. Saboda haka masu gona daga nan har bakin kogin Cagayan sukan aiko a kira Manang Rustica da mutanenta. A yarenmu Manang muke ce wa mace da ta girme mu, namiji kuwa Manong. Kowaccenmu da gwangwani rataye a wuya, cike da tsabar guba mai kama da yashi. Mu shiga layi, mu tsinta da yatsu uku, mu jefa a tsakiyar kowace masara, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe. Ba ma sa safar hannu, don tana rage sauri, mu kuwa da faɗin gonar ake biyanmu.

Manang ta fi kowa sauri. Takan kai ƙarshen layi ta juyo tana yi mana tsiya.

"Ke Sulasi, masarar ce ke ba ki labari? Ki gaishe ta, ki ce za mu dawo baɗi."

Consolacion, wadda muke kira Sulasi, ƙawarta ce tun ƙuruciya, kuma ita kaɗai ke iya mayar mata. "Gajere ai ba ya sunkuyo, shi ya sa kike gudu. Mu da Allah ya ba tsawo dole mu bi a hankali."

Ana dariya, amma aikin yana cin mu. Kan yatsun Manang sun yi fari sun tsattsage, ba ta iya saka zare a allura. Da yamma kai ya yi ta sarawa, shinkafa ba ta da ɗanɗano a baki. Wata shekara ruwan sama ya sauko kwana ɗaya bayan mun zuba guba a gonarta, kadada ɗayan da ta gada wajen mahaifinta, ya wanke ta zuwa lambatun bayan gida. Washegari agwaginta sha huɗu suna kwance a bakin ruwa, ƙafafu a miƙe. Ta haƙa rami ta binne su, daga nan ba ta sake kiwon agwagwa ba. Da na samu cikin ɗana na biyu na yi amai a tsakiyar layi, sai ta fizge gwangwanin daga wuyana ta ce in ta sake ganina a gona kafin in haihu, ita da ni ne. Rabona kuwa ta ci gaba da aiko mini har gida.

A farkon damina ta shekarar 2003 Kapitan, mai unguwarmu, ya tara mutane a filin ƙwallon kwando. Wata malamar gona ce ta zo daga birnin Ilagan, siririya, sunanta Leonila Taguba. Ta ce an fito da sabon irin masara wanda tsutsar kara ba ta iya ci. Masana sun ɗauko wani abu daga jikin wata ƙwayar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, suka sa shi a cikin irin. Tsutsa na gatsar ganyen, cikinta ya lalace, ta mutu. Mutum ko alade ko kaza kuwa, ta ce, ba ya yi musu komai.

Kafin ta rufe baki wurin ya kaure. Dama jita-jita ta riga ta iso. Wani ya ce ya ji masarar tana sa sanƙo. Wani tsoho ya ce a Mindanao, can kudancin ƙasarmu, an ce maza sun daina zama maza. Manong Eulogio, yayana, mijin Manang, wanda kan yi wuni bai furta kalma goma ba, ya shafa kansa ya ce, "Ni dai ta fuskar sanƙo na tsira, an riga an gama da ni." Aka fashe da dariya.

Manang ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta cire tabar daga baki.

"Ading," ta ce da malamar, kamar yadda muke kiran ƙanwa, "na ji bayaninki. Wato ba a bukatar guba."

"Ta tsutsar kara dai, ba a bukata, Manang."

"To mu tara ne nan, da ita muke ci. Kin zo mana da abin da za mu ci, ko wa'azi kawai kika kawo?"

Fuskar malamar ta yi ja. Can ta ce ba ta da amsar wannan. Amma akwai gonar gwaji a hayin kogi, duk mai shakka ya je ya gani da idonsa.

"Zan je," in ji Manang. "Da wuƙa zan je."

Ranar Asabar muka hau kwalekwale, ni da ita da Sulasi. Gonar gwajin kashi biyu ce, igiya a tsakani. Na hagu irinmu na gado, na dama sabon. Manang ta fara da hagu. Ta sare kara ta tsaga, ga tsutsa biyu sun yi ɓul-ɓul a cikin rami cike da kashinsu. Ta tsaga na biyu, haka. Ta tsallaka igiya ta sare na dama. Cikinsa fari fat, kamar rake. Ta jefar ta sare wani. Ta shige can tsakiyar gona inda take zaton ba a yi wa baƙi ado ba, muna jin sara kawai, kyas, kyas. Mai gadin gonar ya biyo ta yana roƙo, yana kiranta Nana, wato inna.

"Nana, don Allah, gonar hukuma ce."

"Hukumar ce ta ce in zo in gani. Matsa."

Kara arba'in ta tsaga, Sulasi ce ta ƙirga. Ko huda ɗaya babu. Ta fito gumi na zuba, idonta na ƙyalli, riƙe da ɓari biyu na kara tana nuna mana kamar mu ba mu da ido.

"Ensang, duba," ta ce da ni, don haka ake kirana a gida. "Duba nan. Shekarata talatin ina faɗa da abin nan, ban taɓa ganin cikin kara haka ba. Shinshina ki ji, ko warin nan babu."

A kwalekwale ba ta zauna ba. Tana tsaye tana ta lissafin abin da gonarta za ta yi in ba ta rasa ko kara ɗaya ba, har mai tuƙi ya ce in ba ta zauna ba za mu sha ruwa duka. Sulasi kuwa ta kau da kai tana kallon kogi.

Irin yana da tsada, ya ninka wanda muka saba saya. Manang ta sayar da aladen da take kiwo don bikin waliyyin gari ta sayo shi. Yayana ya zauna a kan turmi yana kallon buhun. Shi Baket yake kiranta, wato tsohuwa, ita kuma ta kira shi Lakay, wato tsoho.

"Baket, limamin coci fa ya ce a yi hattara."

"Ya yi gaskiya, Lakay. Ni ma hattarar nake yi. Shi ya sa na tsaga arba'in ban tsaya a huɗu ba. Tashi ka ɗaura wa ɓaunarmu ta noma garma."

Suka shuka. Masara ta fito, ta kai gwiwa, ƙwarin suka zo kamar yadda suka saba. A nan ne aikin ya yi mata wuya. Muna zuba wa gonakin mutane guba duk yini, mu biyo ta gefen tata da sauran tsaba a gwangwani, ga ƙwai jere a bayan ganye. Sau biyu ta tsoma yatsu a gwangwani, ta fasa. Daga baya duk yamma takan ba yayana gwangwanin ta ce ya ɓoye mata shi inda ba za ta gani ba.

Wata safiya ina hura wuta na ji tana kwaɗa mini kira tun daga gona. Na zaci maciji ne. Na tarar da ita durƙushe, sanye da tabaran mijinta, hancinta kusan a kan ganye.

"Zo ki ga gawa," ta ce. "Jiya suka ƙyanƙyashe. Sun ɗan kankari ganyen nan, kin ga wurin? Yau ga su nan sun bushe."

Na duba, 'yan ƙananan tsutsotsi ne kamar zare, baƙaƙe, ba sa motsi. Ta hana ni komawa ga wutata sai da ta nuna mini ganye ya fi ashirin. Ranar duk wanda ya bi hanyar sai da ta tare shi, har mai tallan burodi ta sauke daga kekensa.

Da girbi ya zo, gonar tana tsaye ƙyam, ta kusa da ita kuwa kamar an yi kokawa a ciki. Muka shiga karya. Kowace masara a cike har baki, babu ruɓa, babu baƙin nan da ke fitowa inda tsutsa ta huda ruwa ya shiga. Amalanken yayana da kan yi sawu biyar ya gama, ranar sai da ya yi takwas, ɓaunar ta kwanta a laka ta ƙi tashi. Mutane suka cika bakin hanya. Manang tana kan tulin masara tana jefa wa kowa ɗaya.

"Ɓare ka gani. In ka sami tsutsa, zan cinye ta a gabanka."

Ɗan kasuwar da ke saye don masu abincin kaji ya tsoma hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya damƙo, ya watsa a tafi, ya nemi abin da zai rage farashi da shi bai samu ba. A shekarar Manang ta cire jinkar ɗakinta ta sa kwano, ta mayar da 'yarta Herminia makarantar ungozoma da ta bari.

Murnar ba ta game kowa ba. Damina ta gaba rabin gari ya shuka sabon iri, ta bayanta kusan kowa. Babu mai aikowa a zo a zuba guba. Matanmu da ba su da gona suka zauna. Sulasi ta daina zuwa gidan. Ranar wata Lahadi bayan coci suka haɗu a bakin ƙofa, gaban mutane.

"Kin ji daɗi," in ji Sulasi. "Kin hau tudu kin janye tsani. Ke da gona, mu da me?"

"Sulasi, gubar kike kewa?"

"Shinkafa nake kewa. Guba ba ta taɓa hana ni cin abinci ba, ke kika hana ni."

Manang ta juya. Ta tafi gida. Kwana uku ba a ji muryarta a unguwa ba, har maƙwabta suka leƙo ko ba ta da lafiya.

A rana ta huɗu ta zo ta ja ni zuwa Ilagan. Ashe ta lura da abin da mu ba mu lura ba. Masara ta yi yawa, injin ɓare masara ɗaya ne ke zagaya ƙauyuka shida, mutane na jiran layi mako biyu, wata har ta fara tsiro a tuli. A bayan kasuwa akwai wani maƙeri mai haɗa irin injin da tsohon injin ban ruwa. Ta zagaya shi sau uku, ta sa aka tayar, ta tsaya cikin ƙura tana dariya. Kuɗin girbi biyu da ta ajiye ta zube masa. Aka ɗora injin a kan tayoyi, ɓauna ta jawo shi har Dammang, yara na biye.

Ba ta kai shi gidanta ba. A ƙofar Sulasi ta sa aka tsaya.

"Fito, doguwa. Ga abin da ke son mai tsawo, ni hannuna ba ya kai bakinsa."

Sulasi ta fito tana goge hannu da zane. Ta daɗe tana kallon injin.

"Na wa ne?"

"Na mu tara. Ni na sayo, ku za ku sha ƙura. Kashi goma za a raba, ɗaya na mai da gyara."

"Kin dai iya ba da haƙuri da ƙarfe," in ji Sulasi. Sai ta juya ta kira sauran.

Tun daga ranar muka koma masu karya da ɓarewa. Mu shiga gona mu karye, mu ɓare a nan take, mu ɗure a buhu. Aikin ya fi na da yawa, don masarar ta fi yawa. Da yamma ƙura ce kawai a jikinmu, ruwa da sabulu su fitar. Cikin wata shida fatar yatsun Manang ta warke, ta zauna ta ɗinka wa jikanta riga da hannu, ta bi gida gida tana nunawa, ko da yake hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Akwai abin da malama Leonila ta jaddada tun farko, mutane suka ɗauke shi wasa. Ta ce kowa ya bar 'yan layuka na tsohon iri a gefen gonarsa, don tsutsa ta sami inda za ta ci ta rayu. In aka rufe mata ko'ina, 'yan kaɗan masu taurin rai ne za su saura, su haifi irinsu, wata rana sabon irin ya daina yi musu komai. Manang ta riƙe maganar nan kamar karatun coci. Ta fi kowa sanin tsutsar, ta ce, kuma ta san ba ta da kunya. Manong Tiburcio, mai gona mafi girma a garin, ya shuke tasa kaf ba ya bar ko layi ɗaya ba. Ta same shi a shagon aski.

"Manong, ina rabon baƙi a gonarka?"

"Ni in yi wa tsutsa noma? Kin ga na yi kama da ubanta?"

"Kama dai ban sani ba. Amma in ka koya mata cin masarar nan, ba taka kaɗai za ta ci ba. Injinmu kuma ba ya shiga gonar da babu layin baƙi. Ka je ka jira na ƙauyuka shida."

Da shekara ta zagayo ya bar layuka har fiye da yadda aka ce.

Abin da ba wanda ya yi zato shi ne lambatun bayan gidaje. A damina ta uku kwaɗi suka dawo da kuka, har tsofaffi na ƙorafin ba sa jin rediyo. Mazari suka cika saman gona. Da safe ka ga saƙar gizo-gizo tsakanin layuka, raɓa ta kwanta a kai. Wata rana yayana ya shigo da tarwaɗa uku a hularsa, daga lambatun nan da ya shekara ashirin babu ko ɗan kifi. Manang ta dafa su da ganyen zogale da daddawar kifi, ta kira mu duka, kowa ya sami ɗan yanki da bai kai yatsa ba. Mako bai cika ba ta sayo 'yan agwagi ashirin, ta sake su a ruwan. Kwanakin farko takan zauna a bakin lambatu ta sa musu ido, ba ta yarda ba tukuna. Suka girma, suka yi ƙwai, ta fara jiƙa shi a gishiri tana kaiwa kasuwa.

Ba kowace shekara ce ta yi daɗi ba. Wata shekara guguwa ta taso daga teku ta kwantar da gonakin gari kaf, sabon iri da tsoho, kogi ya hau ya rufe su da laka. Manang ta tsaya a kan gaɓa ta ce, "Wannan kam babu irin da ya san maganinta." Kuma duk lokacin sayen iri sai ta yi faɗa da mai shago kan tsada, ta rantse ba za ta sake saye ba, ta fito da buhu a ka. Farar masara mai danƙo da muke dafawa mu ci kuwa ba ta taɓa barin ta ba, tana nan a bayan kicin, irin kakarta ne, takan ce wannan ba ta kaji ba ce.

Bara gidan rediyon gari ya gayyace ta shirin manoma na safe. Shekarunta saba'in da ɗaya. Ni na raka ta. Aka ce minti goma za ta yi. Mai gabatarwa ya yi tambaya ɗaya, bai sake samun bakin magana ba. Ta faɗi yadda ake gane ƙwan ƙwaro, ta faɗi yadda ake barin layi, ta zagi tsadar iri, ta gaida matan injin ɗaya bayan ɗaya da sunayen tsokanarsu. Mai gabatarwar yana ta nuna mata agogo, tana ɗaga masa hannu wai ya dakata.

Lokacin girbi ne, kowa a Dammang ya baza masararsa a gefen kwalta tana shan rana. Tana cikin magana sai ta hango ta taga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ta matso da bakinta jikin abin magana.

"Eulogio, na san kana ji na, kana kan benci. Tashi ka kwashe shanya, hadari ya taso daga dutse. Ka fara da ta bakin gada. Duk wanda ke da masara a kan titi shi ma ya tashi."

Mai gabatarwa ya kifa kai a tebur yana dariya. Da muka koma gida da rana, ruwa ya riga ya yi ya ɗauke. Aka ce gari guda ne ya fito a guje da shebur da buhu, har da na ƙauyen gaba, kuma ba wanda masararsa ta jiƙe. Yayana yana zaune a ƙarƙashin rumfa, jikinsa duk ƙaiƙayi.

"Baket," ya ce, "shekara hamsin kina aikena a cikin gida. Yau kin aike ni a gaban lardi guda."

Ta ajiye jakarta ta tambaye shi ko ya rufe buhunan da leda. Ya ce ya rufe. Ta ce bari ta je ta gani.